Yadda ake yanka siririn bututun ƙarfe da fiƙe tsininsa don kayan asibiti

Allurar da ake ɗibar jini da ita a asibiti, mai koren gindin nan, guntun bututun ƙarfe ne mara tsatsa. Faɗinta daga waje kusan milimita 0.82 ne, ramin cikinta kusan 0.51, kaurin ƙarfen da ya zagaye ramin kuwa wajen 0.15. A kan wannan ɗan kaurin za a yi yanka, a yi washi sau uku, a goge, a wanke, kuma ba a yarda bakin ya lotsa ko ya ƙone ko a bar ɓurɓushi a ciki ba. Masana'antun da suka shahara da kayan asibiti na ƙarfe, a Jamus da Ailan da Japan da Indiya da jihar Minnesota ta Amurka, injinansu sun bambanta amma jerin aikin kusan ɗaya ne.

Abin da nake so mai koyo ya riƙe tun yanzu shi ne kowane mataki yana gyara wani abu, yana kuma barin tasa ɓarnar. Yanka yana barin geza, wato siririn ƙarfen da ke maƙale a bakin da aka yanke. Washi yana kawo zafi da wata sabuwar gezar. Cire geza yana iya dakushe tsinin da aka sha wahalar fiƙewa. Wanki yana iya barin ruwa a cikin rami. Wanda ya iya aikin shi ne wanda ya san ɓarnar da ya bari, ya kuma san matakin da zai kwashe ta. Zan bi allura guda, geji 21 (geji shi ne lambar kaurin allura) mai tsawon milimita 40, daga dogon bututu har ta zama abin da za a soka wa mutum, in riƙa ratsewa zuwa wasu kayan inda hanya ta rabu.

Wannan aikin masana'anta ne mai rajista. A Najeriya NAFDAC ce ke rajistar kayan asibiti, a duniya kuma ana neman masana'antar ta bi tsarin inganci na ISO 13485. Allurar da aka riga aka yi amfani da ita ba a sake wasa ta, ba a wanke ta a mayar. Kwandon ƙonawa ne makomarta.

Kafin ka kunna inji

Ka fara da zanen aikin. Lambar geji a juye take tafiya: ƙaramar lamba ita ce allura mai kauri. Geji 18 milimita 1.27 ne, geji 21 kusan 0.82, geji 25 kusan 0.51, geji 30 kusan 0.31. Tsarin ya samo asali daga masu jan waya na Birmingham a Ingila, shi ya sa lambobin ba su da wani lissafi mai sauƙi, sai dai ka ajiye jadawalin kusa da kai. Launin gindin ma ƙa'ida ce ta ISO 6009: ruwan hoda ga 18, kore ga 21, shuɗi ga 23, ruwan lemo ga 25.

Geji faɗin waje kawai yake gaya maka. Bututu biyu suna iya zama geji 21 dukansu, ɗaya mai kaurin jiki na yau da kullum, ɗaya mai siririn jiki da rami mai faɗi. Mai siririn jikin ya fi wuce ruwa da sauri, amma ya fi saurin lotsawa a matsi, kuma ya fi saurin ƙonewa a washi domin ba shi da ƙarfen da zai kwashe zafi. Idan zane bai faɗi kaurin jiki ba, ka tsaya ka tambaya.

Ƙarfen yawancin allurai shi ne mara tsatsa mai lamba 304, wanda ke da kusan kashi 18 cikin ɗari na kromiyom da kashi 8 na nikel. Inda ake tsoron gishiri ko za a daɗe a jiki, ana komawa 316L mai ɗauke da kashi 2 zuwa 3 na molibdenom. Ana yin bututun ne daga siririn falle da aka naɗe aka yi wa walda, sannan a yi ta jan sa ta cikin ƙananan ramuka har ya kai girman da ake so. Wannan jan shi ke taurara shi. Bututu mai tauri yana yankuwa tsaf, yana riƙe kaifi. Wanda aka tausasa da wuta yana shafewa a ƙarƙashin faifai, gezarsa doguwa ce mai naci. ISO 9626 ita ce ƙa'idar bututun allura, ta tanadi awonsa da gwajin lanƙwasa da na karyewa da na tsatsa. Ka karɓi takardar shaidar ƙarfen daga mai sayarwa, ka rubuta lambar zubinsa a takardar aiki, lambar nan ta bi kayan har kwali. Ranar da aka dawo da kaya daga asibiti, da ita za a gano sauran 'yan uwansu.

Sai ka ɗebi 'yan sanduna daga dami ka auna faɗin waje a wurare daban-daban, ka zura sandar awo a rami, ka mirgina su a kan farantin dutse mai shafe. Wanda ya yi tsalle yana mirgina a karkace yake, ka ware shi. Wani abu kuma da ake raina wa: faifai ko buroshi ko matsi da ya taɓa baƙin ƙarfe kada ya taɓa wannan. Ƙurar baƙin ƙarfe tana nutsewa a fatar bututu, bayan makonni ta fito da ɗigon tsatsa.

Yanka

Duk abin da ke yanka ta hanyar matsewa, almakashi ko filaya ko mayankin famfo mai zagayawa, ba shi da wuri a nan. Zai rufe ramin kafin ya raba ƙarfen. Hanyoyi huɗu ne ake bi.

Mafi araha ita ce siririn faifan yanka, wanda kaurinsa bai kai rabin milimita ba. Za ka tara bututun dami guda, ka matse shi yadda ko sanda ɗaya ba za ta juya ba, ka tallafe shi ta ɓangarori biyu dab da inda faifan zai ratsa. Idan gefen da zai faɗi ba shi da tallafi, nauyinsa zai karya ɗan ƙarfen da ya rage kafin faifai ya gama, ya bar ƙaho a baki. Ka saki ruwan sanyaya ya malale wurin tun kafin faifai ya taɓa, ka tura a hankali da gudu ɗaya. Tsayawa a tsakiya yana ƙona baki, gaggawa kuma tana karkatar da faifan ya yi yankan jirge. Ka fara datse bakin damin ka zubar, domin ƙarshen sanda yakan zo a lotse daga masana'anta.

Ka sa abin da faifai ke ci a lissafinka. A ce zane ya nemi milimita 48, wato 40 na waje da 8 da za su shige gindin roba, faifai kuma yana cin 0.4. Kowace allura tana ɗaukar 48.4 ke nan, mita ɗaya za ta ba ka 20 da ɗan saura.

Hanya ta biyu, wadda a ganina ta fi dacewa da allurai masu yawa, ita ce yanka da lantarki da ruwan gishiri. Faifan yana ɗaukar wuta, an haɗa shi da gefe ɗaya na lantarki mara ƙarfi, ƙasa da bolt 20, bututun kuma da ɗaya gefen. Ana kwarara ruwan gishirin sodiyom naitiret tsakaninsu. Wutar ce ke narkar da mafi yawan ƙarfen zuwa cikin ruwan, faifan aikinsa share abin da ya riga ya yi laushi. Saboda haka babu zafi, babu matsi sosai, gezar kuma kusan babu. Ka kula da ƙarfin gishirin da zafin ruwan da tsabtarsa, domin in sun sauya yankan ma zai sauya. In wuta ta yi yawa bakin zai ci fiye da kima ya yi zagaye, in ta yi kaɗan faifan zai koma gurza da ƙarfi, geza ta dawo. Da an gama a ɗauraye nan take, kada gishiri ya bushe a cikin rami. Wurin yana son iska mai fita domin ana samun iskar haidirojin, kuma ruwan da aka gama da shi yana iya ɗaukar nau'in kromiyom mai guba, ba a zubar da shi a kwata.

Ta uku ita ce waya mai tartsatsi, wadda ake kira EDM: siririyar wayar tagulla tana wucewa cikin tataccen ruwa, tartsatsin lantarki yana ɓantarar ƙarfen ba tare da ta taɓa shi ba. Tana da daidaito ƙwarai amma tana da nawa, kuma tana barin wata siririyar fata ta ƙarfen da ya narke ya sake daskarewa, wadda dole a cire da asid ko gugar lantarki.

Ta huɗu hasken leza ce. Don yanka madaidaici kawai, tsada ce ba dalili. Amfaninta yana fitowa ne inda ake son taga a gefen bututu, ko tsaga mai zagayawa da za ta sa sandar katita, wato siririn tiyon da ake zurawa a jiki, ta riƙa lanƙwasuwa, ko ragar da ake sakawa a jijiyar zuciya. Bututun yana juyawa yana matsawa a ƙarƙashin hasken, faɗin yankan 'yan gomomin maikiron ne kawai (maikiron kaso ɗaya ne cikin dubu na milimita). Haɗarin shi ne hasken ya huda bangon sama ya ƙona na ƙasa, narkakken ƙarfe kuma ya manne a ciki. Maganinsa a riƙa tura ruwa ta cikin ramin yayin yanka. Leza mai walƙiyar femtosakan, wato kaso ɗaya cikin tiriliyan dubu na daƙiƙa, tana ɗauke ƙarfen kafin zafi ya yaɗu, shi ya sa ake zaɓarta ga kaya masu laushi.

Ko wace hanya ka bi, ka ɗauki na farko ka duba bakinsa a madubin ƙara girma kafin ka ci gaba. Launi shi ne shaida. Bakin da ya koma ruwan ƙasa ko shuɗi ya sha zafi, kromiyom ɗin da ke ƙarƙashin wannan launin ya ragu, kuma daga nan tsatsa za ta fara. Bayan yanka a goge bakunan biyu da buroshin waya mara tsatsa ko na nailan mai yashi, a wanke, a busar.

Fiƙe tsini

Duk wanda ya taɓa fiƙe alƙalamin kara ya san tushen abin: yanka ɗaya doguwa a jirge, sannan a rage gefe da gefe har baki ya tsaya a tsakiya. Tsinin allurar yau da kullum fuska uku gare shi a kan wannan tsari, babbar gangara ɗaya da ƙanana biyu.

Ba a wasa su ɗaya bayan ɗaya. Ana jera ɗaruruwa gefe da gefe, a daidaita bakunansu da madaidaicin ƙarfe, a manne su da tef su zama falle guda. Nan ne aikin ke gyaruwa ko ya lalace. Wadda ta leƙo gaba da 'yan uwanta faifai zai ci ta da yawa, ta fito gajeriya. Wadda ta noƙe ba za a gama gangararta ba, tsininta ya fito a datse. Sai a sa fallen a cikin matsi mai farantai biyu, na sama da na ƙasa, a bar bakin ya leƙo daidai gwargwadon da washi ke bukata. In ya leƙo da yawa zai riƙa rawa a jikin faifai, fuskar ta fito da layi-layi.

Faifan washin yakan zama na silikon kabaid mai laushin yashi, ko na CBN, wani yashi mai tsananin tauri na boron da naitirojin, inda ake son ya daɗe bai canza siffa ba. Lu'ulu'u ya fi su tauri amma ba ya jituwa da ƙarfe idan aka yi zafi, yana saurin cinyewa, don haka an fi amfani da shi wajen gyara fuskar faifan. Wannan gyaran kada ka yi masa ƙyuya. Ƙarfe mara tsatsa yana da danƙo, yana toshe ƙofofin faifai. Za ka ga fuskar faifan ta fara sheƙi, ƙarar ta sauya daga shuu mai laushi zuwa wani kuka mai tsini, tartsatsi ya ƙaru duk da ruwa. Faifan ya daina yanka ke nan, ya koma shafa. Ka ƙayyade adadin falle da za a wasa kafin a gyara shi, ka tsaya a kan adadin ko da ido bai ga komai ba.

Babbar gangara ita ce ta farko. ISO 7864, ƙa'idar allurar da ake yarwa bayan amfani ɗaya, ta ambaci digiri 11 da sassaucin 2 sama ko ƙasa ga doguwar gangara, da digiri 17 ga gajeriya. Doguwa ta fi shiga da sauƙi, ita ake so ga allurar tsoka da ta ƙarƙashin fata. Gajeriya ta fi ƙarfi, kuma dukan bakinta yana iya zama cikin ƙaramar jijiya ba tare da tsinin ya huda bangon baya ba.

Akwai lissafi ɗaya da zai hutar da kai. Tsawon gangara shi ne faɗin bututu a raba da tanjan na kusurwar, wato "tan" a na'urar lissafi. Ga bututunmu mai 0.82, digiri 11 yana ba da kusan milimita 4.2. In kusurwa ta sauka zuwa 10 tsawon ya zama 4.65, in ta hau 12 ya zama 3.86. Digiri ɗaya tak yana motsa tsawon da kusan milimita 0.4, abin da ake gani nan da nan a na'urar awo. Don haka ka auna tsawon gangara bayan washin farko, kafin a yi ƙananan biyun da za su rage tsinin, ka san kusurwarka ba tare da dogon bincike ba.

Kada ka cinye ƙarfen a wucewa ɗaya. Ka fara da wucewa masu ci, ka ƙare da masu sauƙi, na ƙarshe kusan ba ya ɗaukar komai sai share abin da ya rage. Ruwan sanyaya ya doki daidai inda faifai ya haɗu da ƙarfe, kuma a tace shi, domin ɓurɓushin da ya dawo cikin ruwa shi ke karce fuskar da ka gama gogewa. Ka guji mai da ke ɗauke da kulorin ko ƙibiritu. Can ƙarshen tsini ƙarfen ya yi siriri har ba shi da inda zai kai zafi, shi ne ke fara yin shuɗi, kuma tsinin da ya ƙone ya yi laushi, zai lanƙwashe a murfin kwalbar magani.

Yanzu ƙananan fuskoki. Ba a kwance matsin. Farantin sama ne ke zamewa gefe kaɗan, sai dukan allurai su mirgina tare a kan gindinsu zuwa kusurwar da zane ya faɗa. A ɗaga kusurwar matsin ta fi ta farko tsayuwa, a wasa. Sai farantin ya zame zuwa ɗaya gefen, a sake wasawa. Fuskokin biyu suna haɗuwa a tsini, su bar kaifi biyu masu gangarowa hagu da dama. Tsinin ne ke huda, kaifin biyu su tsaga, sauran gangarar ta buɗa tsagar har jikin allura ya wuce. Tsaga mai tsabta ta fi saurin rufewa, ta kuma fi sauƙin zafi.

Wahalar tana cikin mirginawar. Ɗigon mai a kan faranti, ko robar faranti da ta cinye, ko bututun da ya ɗan fi maƙwabtansa siranta, kowanne yana sa wata allura ta zame ba ta juya cikakke ba. Sai fuska ɗaya ta fi ɗaya tsawo, tsini ya koma gefe. Irin wannan allurar tana karkata a cikin nama. Ga allurar hannu abin ba zai fito sosai ba, amma ga doguwar allurar da likita ke nufin wani ƙullutu da ita a hanta, kaucewar tana iya sa a ɗebo naman da ba shi ake nema ba. Daga kowane falle ka ciri ta farko da ta tsakiya da ta ƙarshe, ka dube su ta gaba, ka ga ko fuskokin biyu sun yi daidai.

Dunduniya

Mutane suna kallon tsini su manta da ɗaya ƙarshen gangarar, inda bakin ramin ya ƙare ta baya. Ana kiran wurin dunduniya, kuma ni a wurina nan ake gane masana'antar kirki. Washi yana barin gefen ciki na dunduniya da kaifi. Idan aka soka allurar a murfin roba na kwalbar magani, wannan kaifin yana yanko ɗan guntun roba ya shige rami, daga nan ya faɗa cikin magani ko a tura shi jikin mutum. Haka yake yi wa fata.

Gyaransa shi ne a dakushe dunduniyar da gangan, a bar tsini da kaifinsa. Ana fesa ƙananan ƙwayoyin gilashi ko garin alumina da iska ta siririn bututu, a nufi dunduniya da gefen ramin, a kare tsinin ko a karkatar da feshin ya kauce masa. Wannan feshin shi ke kakkaɓe gezar washi. Daƙiƙu kaɗan ne tsakanin daidai da ɓarna, saboda haka a tsayar da ƙarfin iska da nisa da lokaci a rubuce, kada a bar wa hannun ma'aikaci. A madubi, dunduniyar da aka gyara tana da dishi-dishi da ɗan zagaye, fuskokin tsini kuma suna sheƙi. Ɗaya ƙarshen bututun, wanda zai shige gindin roba, shi ma ana fesa masa yashi ya yi kaushi don gam ya kama.

Ana kuma gugar lantarki a cikin haɗin asid na fosforik da salfurik. Wutar ta fi cin duk abin da ya yi tsini, shi ya sa take cinye geza, shi ya sa kuma take cinye bakin allura in aka daɗe. Ga allura mai kaifi a taƙaita. Ga ragar jijiya da bakin bututun da ba a son ya ji wa nama ciwo, a nan take da babban amfani.

Wasu bakunan

Allurar laka ta Quincke, mai sunan likitan Jamus da ya bayyana ɗibar ruwan laka a 1891, tana da gangara mai yanka. A 1951 Whitacre da abokin aikinsa Hart suka fito da mai bakin fensir, rufaffen tsini da ƙofa a gefe, wadda ke raba zaren rigar laka maimakon yanka shi, ciwon kan da ke biyo bayan allurar ya ragu sosai. Ita ba washi ake farawa da shi ba. Ana matse bakin bututun a injin da ke bubbuga shi ta kowane gefe har ya rufe, a goge, sannan a huda ƙofar da tartsatsi ko leza, a bi gefen ƙofar a cire kaifi ciki da waje.

Allurar Tuohy ta 1945, da ake zura siririn tiyo da ita a gadon baya, da ta Huber da ake soka wa mazubin magani na ƙarƙashin fata, ana fara lanƙwasa bakinsu ne sannan a wasa, yadda ƙofar za ta kalli gefe. Idan kayan yana da sandar ciki, a wasa su tare a matsi ɗaya don fuskokinsu su zama shafe guda, kuma kada a raba ma'auratan bayan haka. Tsinin tiroka, sandar da ke huda hanya don bututu ya bi, fuska uku ne daidai wa daida a kan sanda mara rami, ana juya ta digiri 120 tsakanin washi da washi. Na Franseen, mai haƙora uku don yanko tsokar gwaji, fuskokin ukun ake yi a kan bututu.

Nitinol, haɗin nikel da taitaniyom da aka gano a wani ɗakin binciken sojan ruwan Amurka wajen 1960, yana komawa siffarsa bayan an lanƙwasa shi. Zafi yana sauya wannan halin, yana kuma cinye faifai da sauri. A yanka shi a sanyaye, a goge shi da lantarki don fatarsa ta hana nikel fita.

Wanki da asid

A cire tef, a narkar da danƙonsa, a sa kayan a injin wanki mai girgiza ruwa da sauti tare da sabulun da ya dace. Girgizar ba ta shiga dogon siririn rami sosai, musamman in iska ta maƙale a ciki. Sai an tsayar da allurai a tsaye, an tura ruwa da ƙarfi ta cikin kowace. A jera su yadda tsini ba zai doki tsini ba. Allurar da aka zuba a kwando aka girgiza ta gama lalacewa.

Daga nan sai jiƙawa a asid, bisa ƙa'idar ASTM A967, ko na naitirik ko na sitirik mai ƙarfin kashi 4 zuwa 10 cikin ɗari. Asid ɗin yana cinye baƙin ƙarfen da ke fata, ya bar kromiyom ya haɗu da iska ya yi rigar da ke hana tsatsa. Ba ya cire maiƙo, ba ya cire ƙuna mai kauri, don haka kayan su shiga a tsabtace. Ɗauraya ta ƙarshe da tataccen ruwa ake yi, domin ruwan famfo yana da kulorin. A busar da iska mai zafi da aka tace, ta ratsa cikin ramin.

Awo da gwaji

ISO 7864 ta ce idan aka ƙara girman tsini sau biyu da rabi, ya bayyana da kaifi, babu geza, babu ƙugiya. Wannan shi ne mafi ƙaranci. A wurin aiki ka duba samfuri da ƙarin girma sau 30 ko fiye, ka juya shi a ƙarƙashin haske daga gefe. Ƙugiya, wato tsinin da ya lanƙwashe kaɗan, tana fitowa kamar ɗigon haske a can ƙarshe. Ka auna tsawon allura da tsawon kowace fuska a na'urar da ke haska inuwar kaya a allo, ka zura sandar awo ta ratsa ramin daga farko har ƙarshe.

Gwajin da ya fi faɗin gaskiya shi ne na huda. Ana ɗaure fallen roba na foliyuretan mai kaurin kusan milimita 0.4, inji ya tura allurar da gudu ɗaya, kwamfuta ta zana ƙarfin da aka yi amfani da shi. Zanen yana da tudu a lokacin da tsini ya huda, wani a lokacin da kaifin biyu ke tsagawa, wani a lokacin da dunduniya ke wucewa, sannan shimfiɗaɗɗen layi na gogar jikin allura. Kowane tudu yana nuna maka wurin da za ka koma. Na farko in ya yi tsawo, tsini ya dakushe, ka duba feshi ko gugar lantarki. Na biyu, ka duba faifai da ƙananan fuskoki. Na uku, geza ta rage a dunduniya. Layin ƙarshe in ya hau, matsalar man silikon ce da ake shafa wa allura, wanda ƙa'ida ta ce kada ya wuce miligiram 0.25 a kowane murabba'in santimita.

Haɗa allura da gindinta ana yin sa ne a ɗaki mai tataccen iska. Bayan gam ya kama a ja samfuri a inji, ga geji 21 haɗin ya jure ƙarfin ja na niyuton 44 bai rabu ba. A sa murfi, a rufe a leda, a kashe ƙwayoyin cuta da iskar etilin oksaid ko hasken gama. A takardar rukunin a rubuta lambar zubin ƙarfe, da faifan da aka yi aiki da shi, da lokutan da aka gyara fuskarsa, da sakamakon huda na farkon rukuni da na ƙarshensa. In na ƙarshe ya fi na farko nauyi a kai a kai, adadin fallen da kake wasawa kafin gyaran faifai ya yi yawa, ka rage shi a rukuni na gaba.